Kiran Magajiya

Duk wanda ya saba ratsa layin teloli a kasuwar Azare ya san shagon Murja. Ƙaramin shago ne, keken ɗinki biyu da benci ɗaya, sai kwalaye jingine a bango cike da zanen furanni. Murja ta haura arba'in. Mijinta direba ne, yana jigila tsakanin Azare da Misau. Karatunta bai wuce ƙaramar sakandare ba, amma tun tana yarinya hannunta ya faɗa da zane, kuma da shi take ci har yau. Ita ke zana adon wuyan riga kafin a hau keke.

Mahaifiyarta, Inna Hadijatu, mutuniyar Shira ce. Aure ya kawo ta Azare, ta tsufa tana sayar da daddawa a zaure. Tatsuniya ɗaya ta riƙe, wadda ta ce daga bakin kakarta ta ji, ita ta yi ta maimaita wa 'ya'yanta har suka girma. Labarin wani gari ne da yashi ya fara binnewa. Sarki ya mutu, fadawa suka watse, sai yayar sarkin, wata tsohuwa mai riƙe da sarautar Magajiya, ta ce kowa ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Hanyar fita ɗaya ce, ta cikin wani daji mai duhu ko da rana tsaka, inda duk wanda ya waiwaya zai manta sunansa ya zama itace. Magajiya ba takobi, ba doki. Sanda gare ta, sai murya. Ta shige gaba tana kira, "Ku taho!" Wanda ya bi muryar ya fita, wanda ya bi idonsa ya ɓata. In Inna ta zo nan sai ta gyara zama, ta doki cinya, ta jawo kiran tun daga ƙirji har maƙwabta su ji.

Autan Inna, Najmuddeen, ya yi karatun kwamfuta a jami'ar da ke Gadau. Da ya gama aiki bai samu ba, sai ya haɗa kai da abokinsa Udoka, haifaffen Azare, wanda mahaifinsa ke da shagon kayan waya. Suka ce za su ƙirƙiri gem, irin wasan nan da ake yi a waya, kuma labarin Inna za su ɗauka. Mai wasa shi zai zama Magajiya. In ya danna sai ta yi kira, duhu ya dare, jama'a su bi ta. Murja suka roƙa ta zana musu ita.

Ba ta yi dogon tunani ba. Ta zana doguwar tsohuwa mai furfura a gefen kallabi, da tsaga a kumatu, da sandar gora. Da ta kai kwalin gida, Inna ta nisantar da shi daga idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ai ni ce," in ji ta. "Sai dai kin mayar mini da haƙoran da na rasa. Allah ya yi miki albarka."

Ranar da za a ɗauki muryarta da hantsi suka zo, lokacin da unguwa ta yi shiru. Inna ta noƙe.

"Tatsuniya da rana? An ce mai yin ta ɓata yake yi."

"Inna, canfi ne," in ji Najmuddeen.

"Kai da ka yi boko komai canfi ne."

Udoka ya durƙusa ya miƙa wayar kusa da bakinta. "Mama, in kin ɓata ni da kaina zan nemo ki. Ina da babur."

Ta yi dariya har da tari. "To ɗan nan, na ji. In na ɓata ku nemo ni." Ta ja numfashi, ta doki cinya, ta yi kiran. Murja tana bakin murhu, sai da ta ajiye ludayi ta juyo.

Da aikin ya fara kama jiki, suka kai shi shagon su Udoka don samarin da ke zuwa cajin waya su gwada. Murja ma ta rufe shago ta je. Sunan ya fito a allon wayar, fuskar tsohuwar ta biyo baya. Wani saurayi ya karanta da ƙarfi.

"Magajiya? Ta wane gida?"

"Ta bayan tasha mana," in ji na kusa da shi. "Ka ji ma tana cewa ku taho. Kasuwa ta buɗe!"

Shagon ya ɗauki dariya. A da Magajiya sarauta ce ta mata, ta gidan sarki, mai faɗa a ji. Amma samarin nan ba su taɓa jin kalmar ba sai a kan shugabar mata masu zaman kansu. Ba su san fuskar wa suke kallo ba. Najmuddeen ya sani. Ya fizge wayar ya fita, ko sallama bai yi ba.

A cikin kwanakin ne wani kamfani na Legas ya ce zai ɗauki gem ɗin ya yaɗa shi, da sharaɗi. Sun ce tsohuwa ba ta jan 'yan wasa. Suna son saurayi mai takobi, macen kuma ta zama gimbiya wadda dodo ya tsare a kogo, a je a ceto ta. Najmuddeen ya zo shagon Murja da maganar, Udoka na biye da shi.

"Yaya, fuskar Inna fa suke yi wa dariya."

"To ka gaya musu abin da kalmar take nufi. Bakinka ciwo yake?"

"Mutum nawa zan bi in gaya wa? Duk wanda ya sauke shi a Kano ko Jos sai na je gidansu?"

"Sai ka tuɓe mata sarauta ka ɗaure ta a kogo. Shi ne ka kare mata mutunci?"

"Ba ita ba ce kuma. Wata yarinya ce dabam."

"Mutanen garin fa? Wa zai fitar da su?"

"An cire su. Nauyi suke ƙara wa wayar."

Udoka ya sosa ƙeya. "Ni dai Anti, da tsohuwar nake. Kakata a can gida in ta buga sanda a kasuwa, har direbobi kashe mota suke yi. Amma masu abu sun ce a'a."

"Masu abu," in ji Murja. "Ni na zaci mai abu tana gida tana daka kalwa."

Najmuddeen ya sunkuyar da kai. Shekarunsa na zaman banza sun yi masa yawa, kuma Murja ta san haka, don ita ke ba shi na mai. Ya ce muryar Inna dai za ta zauna a ciki, wannan ya yi alkawari. Murja ta ƙi zana gimbiyar. Suka samu wani ya zana musu: siririyar yarinya mai manyan idanu da gashi har gadon baya, irin wadda ba a taɓa gani a layin teloli ba.

Da damina ta kankama Inna ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya daina shiga. Murja ta koma gidan da zama. Wani lokaci in ciwon ya lafa sai Inna ta buɗe ido ta tambaya.

"Ina Magajiyata? Ta fitar da mutanen?"

"Tana hanya, Inna."

"Daji ne mai nisa," in ji ta. "Ku bar ta ta yi a hankali."

Ba wanda ya gaya mata. Ta rasu ranar wata Laraba, ana yayyafi, aka kai ta kafin la'asar.

Bayan an share makoki gem ɗin ya fito, kuma ya karɓu. Murja ta ƙi kallonsa. Wata rana tana zana wuyan riga, wata mai kawo ɗinki na zaune a benci tana latsa waya, sai wata 'yar siririyar murya ta fito daga wayar, mai rawa kamar ta mai kuka: "Ku taho! Ku taho!" Fensirin ya faɗi daga hannun Murja. Sun cika alkawari. Muryar Inna ce, an sa na'ura ta sirantar da ita, aka ƙara mata sauri don ta dace da bakin yarinya. Kiran da ke fitar da gari guda daga duhu ya koma kukan neman agaji.

Ta tafi gida ta samu Najmuddeen. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya ba ta asalin muryar kawai, yadda Inna ta yi ta da hantsin nan. Ya buɗe kwamfuta ya yi ta bincike. A kan asalin ya yi gyaran, bai ajiye wani ba. Wayar da aka ɗauka da ita kuwa tuni Udoka ya goge ta aka sayar. Udoka ya hau babur ya bi wanda ya saya har Shira, ya dawo hannu rabbana. Najmuddeen ya kifa kai a kan tebur yana kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Murja ta dafa kafaɗarsa. Inna ba ta taɓa riƙe waya ba. Duk duniya babu inda muryarta ta rage sai bakin gimbiyar nan.

Washegari ta miƙa wa Udoka wayarta ta ce ya sa mata gem ɗin, ya koya mata. Ta sha wuya kafin yatsunta su saba. Ta koyi sara da tsalle, ta kai saurayin har bakin kogo. A nan ake jin kiran sosai. Udoka ya ce in ta shiga ta kashe dodo, gimbiya za ta yi murmushi, kiɗa ya tashi, shi ke nan ba ta sake magana. Murja ba ta taɓa shiga ba.

Haka ake samun ta yanzu. Da safe in ta share shago sai ta kai saurayin bakin kogo ta tsayar da shi, ta jingina wayar da gwangwanin allurai. Kafin kowane kira akwai wani ɗan jan numfashi da na'urar ba ta taɓa ba, mai kauri, na tsohuwar da ta gama tari. Shi take jira.

Kwanan baya wata amarya da ta kawo ɗinki ta gaji da ji.

"Anti Murja, ki shiga ki cece ta mana. Tun da na zo take kuka, abin tausayi."

"Ba kuka take yi ba."

"To me take yi?"

"Cewa take a biyo ta."

Amaryar ta leƙa allon. "A biyo ta ina? Ai a ɗaure take."

Murja ta sa zare a baki ta tsinke shi, ta gyara zaman wayar, ta ɗora ƙafa a kan keke.