Ranar da Na Narka Kuɗin Haidarabad

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na kai kyautar wata tsohuwa gaban wutar maƙeri. Lokacin ina tuyar waina a unguwar Nuzla, ina jin duk faɗin Jidda babu mai wayona.

Tsohuwar Ba'indiya ce da ta zo aikin Hajji, zazzaɓi ya kwantar da ita har jirgin ruwansu ya tafi ya bar ta. Wata biyu ina jinyarta a ɗakinmu. Ranar da za ta tafi, ta kwance bakin gyalenta ta damƙa mini tsabar azurfa huɗu, tana ta bayani da yarensu, hawaye na zuba. Ni kuwa, uwar masu fahimta, sai gyaɗa kai nake kamar a garinsu aka yanke mini cibiya.

Na kai wa mai kanti, ya ƙi karɓa. Halas, shi ke nan! Na ce kuɗin da ba ya sayen gishiri gara ya zama warwaro, ga bikin ƙanwata ya matso. Na nufi wurin wani maƙerin azurfa Bayamale. Ya jefa uku a wuta, ya ɗauko ta huɗu ke nan, sai wani dattijo Ba'indiye mai sayar da yadi kusa da shi ya leƙo. Ya karɓi tsabar, ya ƙura wa hasumiyoyi huɗu da ke jikinta ido.

"Ya Hajiya, akwai wasu?"

Na nuna masa abin da ke tafasa, har da murmushina.

Sai ya zauna daɓas a ƙasa. "Kuɗin ƙasarmu ne, Haidarabad," in ji shi da karyayyen Larabci. "Turawa sun danne Indiya, amma sarkinmu bai saki ikon buga kuɗinsa ba, don a san har yanzu akwai mu. Da Turawa suka tafi, Indiya ta haɗiye mu, aka kashe kuɗin. Duk wanda ya ɓoye irin wannan, ƙasarsa ya ɓoye. Ba a ba wa bare."

Maƙerin dai cewa ya yi, "Yalla, miƙo hannu in gwada."

Ranar biki mata suka yi ta yaba warwaron, wai na iya zaɓe. Sosai ma! Abin da gwamnati da sojojinta suka kasa raba matar nan da shi, ni na gama da shi kafin azahar, ban da ƙwaya ɗayar da ta tsira.

Tun daga ranar, in mutum ya ba ni abu yana kuka ban ji yarensa ba, ba na gyaɗa kai. Tafinta nake nema.