Gidanmu na Argungu da Kuɗin Sefa

Mun tashi da asuba daga Kontagora, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa mai tari kamar mai mura. Abin da ya fitar da mu ɗaya ne. Inna ta tsufa, kuma tun bara take cewa a mayar da ita Argungu, gidan da muka sayar bayan rasuwar Baba. Kuɗin sallamata na aiki sun fito, na ce bari in je in sayo mata shi.

Hanyar Yauri zuwa Koko ta jijjiga mana hanji, sai bayan Jega muka samu sa'ida. A Birnin Kebbi muka ci waina da miyar taushe. Garin ya ba ni mamaki. Inda na sani gonakin gero ne, yanzu katangu ne dogaye da ƙofofin ƙarfe, da yawansu a kulle. Mai wainar ta ce na baƙi ne, 'yan kasuwar ƙetare da masu gudun rashin tsaro, kuma ita kanta haya ta kore ta zuwa bayan gari.

Da muka wuce Zauro, fadamar shinkafa ta shimfiɗu kore shar, zuciyata ta karye. Nan Baba yake tsayawa da mu a kan keke mu sha ruwa.

A Argungu unguwarmu tana nan, amma rabin fuskokin ban san su ba. Gidanmu an yi masa fenti, an rufe zauren da bulo. Wani ɗan kasuwa daga Nijar ya saye shi, bai taɓa kwana ciki ba. Dillalinsa ya zo, ya faɗi farashi. Na ji daidai aljihuna, har na miƙa hannu zan ce na saya. Maƙwabcinmu, Baba Manu, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando, ya riƙe mini hannun riga.

"Ɗana, tambaye shi dai, kuɗin wace ƙasa yaka nuhi?"

Dillalin ya ce, "Sefa mana, Alhaji. Gidajen layin ga duk da ita aka ciniki yanzu."

Sefar da muke yi wa dariya muna yara, mu ce kuɗin wasa ce. Da aka juya ta zuwa naira, ko rabi ban kai ba. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wa zan ji haushinsa. Baba Manu ya sa aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci ba don ina jin daɗinsa ba.

Washegari muka juyo, ƙanena ya cika bayan mota da albasar Augie don kada a ce mun dawo hannu rabbana. Na gane a hanya cewa garin da ka bari ba ya tsayawa jiranka, kuma ƙaunar wuri ba ta rage masa tsada.

Na faɗa wa Inna komai, ina jiran ta zagi baƙi. 

"Kakanka ma daga Dosso ta Nijar yat taho," ta ce. "Goro ɗai yab bayar anka nuna mai hili. Amma shi ya zamna cikin mutane."

Ta ce in sauko mata da akwatin da ta ɗaure tun bara, ta fara mayar da zannuwanta cikin durowa.