Motar da Kawu Ya Saya wa Jirginsa

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne Sarkin Ruwan garinmu, wani ƙauye tsakanin Birnin Gwari da dajin Kamuku. Kada a ji an ce ruwa a ɗauka teku gare mu. Gulbi ne guda ɗaya, da rani yakan tsinke ya bar wani babban gurbi can cikin daji, kifin duniya ya taru a ciki. Sau ɗaya a shekara ake yin su a wurin, wato kamun kifi na gayya. Ƙauyuka su hallara, Musulmi da Kirista, kowa da goransa da komarsa, in an gama kamun kifi a yi tseren jirage da gasar ninƙaya har wani ya sha ruwa a daddanna masa ciki.

Amma babu mai tsoma ko ɗan yatsa sai jirgin Sarkin Ruwa ya taɓa ruwan. Kuma ba haka kawai yake zuwa ba. Tun daga ƙofar gidansa yake shiga jirgin ya zauna, a ɗauke su a ka, shi da jirgin, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa har bakin gurbi. In rana ta take tsaka bai iso ba, sarauta ta koma gidan ɗan baffansa na ƙetaren gulbi. Shi kuwa wannan ɗan baffa kowace shekara da sassafe yake zuwa da nasa jirgin da ƙartin 'ya'yansa, ya zauna yana duban rana kamar mai azumin farko.

Bayan yaƙin basasa samarin garinmu suka watse, wasu soja ta riƙe su, wasu masaƙun Kaduna. Shekarar da abin ya yi tsanani dattawa ne suka ɗauki Kawu, suna tafiya suna tari, suka iso inuwar mutum ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ɗan baffa har ya fara naɗe hannun riga. Da Kawu ya dawo gida bai ci tuwo ba. Da damina ta wuce ya sayar da shanunsa, ya ce mota zai saya wa jirgi.

Mutum biyu ya zaɓa su raka shi Kaduna. Na farko wani Bagwari ne daga wajen Kazage, Kirista, wanda ya tuƙa motar soja a yaƙi ya dawo noman doya, shi zai zama direba. Na biyu ni, domin ilimi. Na yi elemantare har aji uku, kuma da ba don malamin lissafi ya tsane ni ba da yanzu wani labarin ake yi. Lokacin ina ɗinki a kasuwa, ina da iyali, kuma duk garin ni kaɗai ke da tef na awo.

Shirin Kawu mai sauƙi ne. A samo mota mai dogon baya, a buɗe ƙofar bayan, a zura jirgi, shi ya zauna cikin jirgin cikin motar, a inuwa, kamar ƙwai a cikin kaza. Wutsiyar jirgi in ta leƙo waje ba laifi. Abin da ake bukata faɗin cikinsa ya shiga ƙofa. Na zaro tef zan auna.

"Tela, mayar da wannan abin aljihunka," in ji Kawu. "Abin da ka gama zagaya ɗuwawun mutanen gari da shi za ka ɗora wa jirgin kakana?"

"To a kawo kara, Kawu."

"Kara ai gawa ake aunawa da shi. Jirgina ya mutu ne?"

Ashe a gidan Sarkin Ruwa ba a auna jirgi sai da fatar bunsurun da aka yanka masa na sadaka. Aka yanka bunsuru, aka raba nama, aka yanko igiya daga ɗanyar fatar, aka miƙa ta bisa cikin jirgi daga gefe zuwa gefe, aka datse daidai. Washegari muka hau motar katako, a saman buhunan dawa. Kawu ya rataya igiyar a wuya kamar carbi, ƙudaje suka biyo mu tun daga tasha. Da fasinjoji suka fara tofar da yawu, ya cire ta ya ɗaure a jikin katakon mota, ta sha rana da iska har Kaduna. Kafin mu huta mu nemi masu sayar da mota ta bushe ta sandare. Kawu ya ji daɗi, ya ce yanzu ta fi sauƙin riƙewa.

Wani fili aka kai mu inda ake ajiye motocin Turawan da suka koma gida. Dillalin, wani mai tumbi da haƙorin Makka, ya tare mu da "Alhaji, Alhaji."

"Ban je ba tukuna," in ji Kawu. "Nuna mini mai ɗaukar jirgi."

Ya fara nuna mana akori-kura. Ni na yi bayani na ilimi, cewa wannan ita ce ta dace, bayanta a buɗe yake. Kawu ya leƙa ya ga kashin awaki a lungu.

"In shiga gurbi a motar awaki, ɗan baffana yana kallo? Wuce."

Sai muka zo kan guda biyu masu dogon baya, irin da ake kira wagon, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye. Ɗaya fara mai shan fetur, ɗaya ruwan toka mai shan gas, wanda mu 'yan boko muke kira dizal. Kawu ya gwada igiyarsa a ƙofar bayan kowacce, ta shiga cif, har da ɗan sarari. Saura zaɓi.

Aka tayar da farar. Ba ka jin komai sai ɗan huci.

"An kunna?" in ji Kawu.

"Tana aiki, ranka ya daɗe. Ai daɗinta ke nan."

"Wannan ta ɓarayi ce. Sarki ba ya shiga wuri a ɓoye."

Aka koma kan mai gas. Dillali ya murɗa wani abu ya tsaya jira, ya ce sai ta ɗumama cikinta tukuna. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce haka manya suke, ba a tashinsu da gaggawa. Can ta yi tari, ta girgiza, ta saki baƙin hayaƙi, sa'an nan ta kama kwar-kwar-kwar har ƙasa na rawa. Na ga idon Kawu ya kawo ruwa. Makaɗansa ma duk sun tafi masaƙa, rabonsa da a yi masa kiɗa a hanya an daɗe.

"Sarki, wannan ce," in ji direba. "Fetur sai an je Birni, in ma akwai. Gas kuwa mai injin niƙan garinku yana da shi a duro. Kuma irinta ko an ɗora mata giwa ba ta gardama."

Dillali ya ga ciniki ya nuna, ya ƙara gishiri. Ya nuna wasu ƙarafa a kan rufin, ya ce Baturen da ke da ita a nan yake ɗaure ɗan jirginsa in za shi wasan ruwa ran Lahadi.

"A kan rufi, kamar kabewa?" in ji Kawu. "Shi ya sa mulki ya kuɓuce musu."

Muka shigo gari da ita ana gobe su. Yara da kaji suka watse, tsofaffi suka fito da sanda. Aka jawo jirgi daga inuwar da yake, aka buɗe bayan mota, aka zura. Hancinsa ya shiga, wuyansa ya shiga, da aka zo ciki sai ya cije. Aka tura, aka karkata, aka shafa man gyaɗa. Ya ƙi. Abin da ya hana bai fi faɗin tafin hannu ba.

Kawu ya ɗauko igiyarsa ya gwada a ƙofa, daidai. Ya ɗora a kan jirgi, ta kasa kaiwa gefe. Ya daɗe yana kallo.

"Jirgin ya yi ƙiba," ya ce.

Duk wanda ya taɓa ganin an ɗaure ganga ya san ɗanyar fata in ta bushe tsukewa take yi. Kowa a wurin ya sani, shi ma Kawu ya sani. Amma wa zai buɗe baki ya ce bunsurun sadaka ya yi ƙarya? Sai liman ya ce lallai itacen maɗaci yakan yi haka in ya tsufa. Ni ma na taimaka da ilimi, na ce a aji uku an koya mana ƙarfe yana motsi da zafi, mai yiwuwa motar ce ta rame a hanya.

Wani ya ce a sassaƙe jirgin. Kawu ya tambaye shi ko in ƙofa ta yi wa ubansa kaɗan sassaƙe shi yake yi. Wani ya ce a kira maƙeri ya faɗaɗa ƙofar. Direba ya tsaya a gabanta ya ce sai dai a fara da shi. Babu wanda ya ambaci rufi. Kawu da kansa ya ɗaga kai ya dubi ƙarafan nan, ya yi tsaki, ya shige gida.

Washegari da hantsi aka ɗora jirgi a rufi aka ɗaɗɗaure. Aka kawo tsani, Kawu ya hau daga kan dakalin zaure, da babbar riga da rawani da filafilinsa na tuƙi, ya zauna daram. Cikin motar kuwa goruna aka cika, manya-manya, kowane kujera da nasa, komaye da taru a bayansu. Ni na matse a gaba kusa da direba da gora a cinya. Wanda ya gan mu daga nesa zai ce wasu masu sanƙo ne za su ɗaurin aure.

Hanyar gurbi ba ta mota ba ce, turba ce ta masu itace. Rassa suka yi ta dukan Kawu, shi kuma yana ture su da filafili, dama da hagu, dama da hagu. Wasu mata da ke tafe da itace a kafaɗa suka ajiye kaya suka tsaya, ɗayarsu ta ce da direba cikin Gwaranci wani abu, ya yi dariya har ya kusa hawa gidan gara. Wai tambaya take, in tsohon ya gaji da tuƙin, motar tsayawa za ta yi? Birai suka bi mu ta kan itatuwa. Wata ƙaya ta ɗauke rawanin Kawu, ya buga rufi da filafili yana ihu, "A wuce! Rana! A wuce!"

Tun kafin mu ɓullo jama'a suka ji ƙarar, suka miƙe. Muka iso da sauran inuwa. Amma ɗan baffa ya sha gaban mota ya ɗaga hannu.

"Ban yarda ba! Al'ada ta ce a kan mutane ake kawo jirgi. Wannan a kan ƙarfe ya zo."

Aka nemo wanda ya fi kowa tsufa a wurin, wani dattijo da ba ya gani sosai. Ya zagaya motar yana shafa ta. Ya leƙo ta taga ya ƙwanƙwasa goran da ke cinyata, ya yi masa sallama, sa'an nan ya gane ni.

"Akwai kawunan mutane a ƙarƙashin jirgin nan?"

"Akwai biyu, Baba," in ji direba.

"Suna taɓa shi?"

"Saura kaɗan."

"To su taɓa. Ku koma gindin kanyar can ku sake tahowa."

Muka koma baya. Na ɗora gora a kujera na hau na zauna a kai, na dafe rufi da tsakar kaina. Direba ya miƙe rabi, ƙafa a kan totur, kai a rufi, wuya a karkace, yana tuƙi yana kiran sunan Yesu, ni ina salati. Kowane rami sai rufi ya sauko ya gaishe mu. Daga sama Kawu yana faɗin, "Ku ɗauka da kyau, 'ya'yan nan!" A haka muka kai bakin ruwa. Tsohon ya ce jirgi ya zo a ka, wanda bai yarda ba ya shiga ya gwada.

Saura saukewa, ga rana tana hawa. Mutanenmu duk masu tari ne, babu mai iya sauko da jirgi da mutum a ciki. Ɗan baffa ya harɗe hannu yana murmushi. Tsohon ya ce shi dai a saninsa, da zarar Sarkin Ruwa ya iso baki, duk wanda ke wurin yaronsa ne har a tashi. Ya nuna ƙartin nan na ɗan baffa da sandarsa. Suka dubi ubansu, jama'a suka dube su. Haka suka zo suka kwance igiyoyi, suka sauko da Kawu a hankali kamar amarya, uban nasu ma dole ya kama wutsiya da ta fara rinjaya. Jirgi ya taɓa ruwa. Kawu, kai babu rawani, fuska duk karce, ya ɗaga filafili ya doki ruwan. Gurbi ya kaure da ihu, mutane suka afka.

Ya yafuto ni da hannu. "Tela, ƙafafuna sun mutu. Riƙe jirgin nan, kada ka gaya wa kowa."

Na tsaya cikin ruwa har ƙugu, wuya a karkace, ina riƙe da jirgin sarki, ko tarwaɗa ban kama ba. Can ɗan baffa ya gifto a nasa jirgin, ya rage tuƙi.

"Baɗi ma rana ce, Yaya."

"Allah ya kai mu," in ji Kawu. "Ka taho da yaran, ina da saukewa."