Mai Gyaran Keke da Ƙauyukan Kan Dutse

Tun yana saurayi yake gyaran keken ɗinki, amma zaman shago bai taɓa karɓarsa ba. Damina na ɗaukewa sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Bana ma haka: ya zazzage jakarsa a tsakar ɗaki, ya jera allurai da man keke, ya mayar, ya sake zazzagewa, yana ambaton ƙauyukan kan dutse da inda zai kwana.

"Malam, gwiwar taka fa?" in ji matarsa.

"Tsohuwar ƙauyen ƙarshe fa, tun bara kekenta ke tsinka zare."

Ta yi tsaki, ta cusa masa rigar sanyi da man zafi. Ko shayinsa bai jira ya huce ba, ya fice.