Ciwon da Ba Ya Zuwa da Safe

Koubra 'yar Tasawa ce. Ta biyo mijinta Sallaou daga Nijar zuwa Sabha ta ƙasar Libiya a shekarun da kuɗin mai suka sake buɗewa, ko'ina gini ake yi, shi kuma magini ne. Ɗakinsu na jikin nawa a wani gidan haya a unguwar Mahdiya. Guga take yi a wani shagon wanki, tsaye daga hantsi har magariba. Haihuwarta shida.

Ciwon ya soma bayan ta yaye autarta. Da safe garau take, har da waƙa. La'asar na yi sai mara ta yi mata nauyi kamar an ɗaura mata tulu, ta dawo gida tana dafa bango. In ta kwanta, sai ciwon ya sake ta.

Sallaou ba mugu ba ne, kirkinsa ma shi ya jawo matsalar. A garinsu ba a kai mutum gaban likita a wahale. Duk sanda za a yi mata eko, wato hoton cikin da ake shafa ruwan sanyi a goga na'ura, sai ya hana ta aiki kwana biyu, ta huta, ta yi wanka, su tafi da sassafe. Ta kwanta a gado, a duba, a ce mahaifa lafiya, babu ƙari, babu komai. Sau uku ana haka.

Daga nan maganar ta juya. Matan gidan suka ce raki ne, wasu suka ce iska. Ni ma, Allah ya yafe mini, na taɓa ce mata kewar gida ce. Sallaou ya nemi mata wuri a motar Agadas ta ranar Asabar, ta koma wurin uwarta a yi mata ruƙiyya, yaran su zauna da shi saboda makaranta.

Ranar Laraba da la'asar ta roƙe ni in raka ta asibitin ta karɓi takardunta, tunda na fi ta Larabci. Daga shago muka wuce, ko zani ba ta canza ba. Muka tarar da wata sabuwar likita, mace, dattijuwa. Ta ga yadda Koubra ke tafiya, ta ce ta hau gado.

Koubra ta ƙi. Ta ce mini, "Gaya mata in na kwanta gudu yake. Wannan inji bai taɓa iske shi ba."

Na faɗa ina jin kunya. Likitar ta ce to ta tsaya. A tsaye ta duba ta, ta ce ta riƙe numfashi ta yi yunƙuri kamar mai naƙuda. Sai ga wasu zare-zare ja da shuɗi sun cika allon na'urar, sun kumbura sun murɗe. Likitar ta ce jijiyoyin jini ne na gefen mahaifa, sun saki saboda yawan ciki, irin waɗanda ke fitowa a ƙwaurin mata. In an daɗe tsaye jini na taruwa a ciki, in an kwanta ya sauka. Akwai magani, in bai yi ba akwai aikin tiyata a Tarabulus, babban birni.

Koubra ba ta tambayi maganin ba tukuna. Cewa ta yi a kira Sallaou.

Ya zo da siminti a gashin kansa. Likitar ta nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe da gaske ne."

Ban taɓa ganin Koubra ta ɗaga masa murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Shekara huɗu ina gaya maka da bakina, Sallaou. Sai da inji ya faɗa."

Motar Asabar ta tafi ba da ita ba. Sallaou ya haɗa mata kujera mai dogayen ƙafafu da hannunsa, a zaune take guga yanzu. Ni kuwa na je na ba ta haƙuri a kan maganar kewar gida. Ta ce ta yafe, amma har yau in na tambaye ta jiki, lafiya kawai take ce mini.