Gayaunar Yayana

Ƙafata ta hagu ce ta hana ni zuwa yaƙi. Tun ina ƙarami ta shanye, da ɗingishi nake tafiya. Ranar da aka zo ɗaukar soja a Gumel, kallo ɗaya mai ɗaukar ya yi mini ya ce in koma in gai da mutanen gida. Yayana da ƙannena biyu kuwa aka kwashe su. Maza huɗu Baba ya haifa, aka bar masa wanda ko akuya ba ya iya kamawa.

Yaƙin basasa ya ƙare da sanyi, a farkon shekarar saba'in. Muka ɗauka kafin ruwa ya sauka kowa zai dawo ƙauyenmu na kusa da Ɗanzomo. Shiru kake ji. Ƙannena suka aiko da wasiƙa cewa ba a sallame su ba, ni kuma na san albashi ne ya yi musu daɗi. Yayana ko layi ɗaya bai rubuto ba. Rabon mu da jin ɗuriyarsa tun kaka, kuma babu wanda ya zo ya ce mana ya mutu. Samarin da ba su shiga soja ba duk sun tafi Kano, inda aka ce masaƙu da masu gini har roƙon ma'aikata suke yi. A shekarar nan hatta waɗanda aka sani da zaman kashe wando sun sami aiki. Gari ya zama daga tsofaffi sai mata, sai irina.

A gidanmu akwai gandu, babbar gonar da kowa ke yi wa aiki, daga rumbunta gida ke ci. Sannan kowane ɗa yana da gayaunarsa, 'yar gonar da yake nomawa da yamma don kansa. Da ruwan shuka ya sauka na ce wa Baba mu shuka rabin gandu kawai, abin da hannunmu zai iya riƙewa. Bai ko kalle ni ba. Ya shuke gandu kaf. Gayaunun ƙannena ya bar su, tunda sun faɗi da bakinsu ba za su zo ba. Amma kashegari na gan shi da sungumi a kafaɗa ya nufi gayaunar yayana, can gefen daji.

Na ce, "Baba, wa zai noma wannan?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin an bar gonar mai rai babu shuka ba da izininsa ba?"

Na bi shi muka shuke ta. Shuka ai ba ita ce wahala ba, mata da yara ma suna bin rami su rufe. Wahalar tana firi, wato noman farko, wanda idan ya wuce lokacinsa ciyawa ta riga gero tashi. Ruwa ya yi kyau a shekarar, kuma ni ban taɓa jin tsoron ruwa mai kyau ba sai lokacin. Kullum da safe in na leƙa gandu sai in ga ciyawa ta ƙaru. Harkiya ta fito kamar ita aka shuka. Baba da shekarunsa, ni da ƙafata, muna noma kunya ɗaya ciyawar tana rufe biyu a bayanmu. Bakuna tara ne ke jiran geron nan, har da matar yayana da 'ya'yanta.

Baba ya ce a kira gayya. Inna da matata suka wuni suna daka, aka dama fura kamar ta biki, aka tuƙa tuwo, aka kira mai gangar noma. Lissafin da Baba ya yi na mutanen da ne, lokacin da gayyarsa ke cika gona har wasu su rasa kunya. Hantsi ya yi muna leƙen hanya. Tsofaffi bakwai suka zo, ɗaya ma da sanda ya iso kafin ya karɓi fartanya. Mai ganga ya rasa wanda zai zuga, sai ya dinga kirarin samarin da ba su nan, har Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya isa. Kafin azahar kowa ya riƙe ƙugu. Furar nan gida-gida aka bi ana rabawa don kada ta yi tsami, kuma kowace ƙwarya da ta fita ni ina ganin geron wata guda ne ke tafiya.

Ranar Alhamis na hau jaki na tafi kasuwar Maigatari neman 'yan ƙwadago. A da mutanen Damagaram kan zauna a jere da fartanyoyinsu, kai ne za ka zaɓa. Wannan karon mutum uku na tarar, masu gona sun fi goma a kansu. Na kutsa na kama hannun wani dogo, na yi masa alkawarin tuwo da nama da kuɗin da ban taɓa biyan kowa ba.

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka ga kamiyon can? Kano za ta kai mu aikin gini, kuma ba a sunkuye ake yi ba."

Ina tsaye ya hau babbar motar. Na dawo ni da jakina, duk hanya ina zagin jakin, shi da bai yi mini komai ba.

Da yamma na sami Baba a bakin gandu na faɗa masa gaskiya. Ba za mu iya duka ba, dole a bar wa ciyawa wani wuri. Na ce a bar gayaunar yayana, ita ce mai nisa, ita ce mai yashi, kuma mai ita ba ya nan. Da zafi na faɗa, don raina a ɓace yake. Baba ya juya ya dubi gonar. Sannan ya nuna gefen gandu na yamma, inda muka zuba taki duk rani, ya ce nan za a bari.

Na ce, "Baba, abincin gida ne fa."

Ya ce, "Na sani. In ya dawo ya tarar da gonarsa ta zama daji, me zan ce masa? In ce mun cire rai?"

Kwana shida muka yi a gayaunar nan. Ina noma ina jin haushi, kuma ina jin tsoron in ɗaga kai in ga fuskar Baba.

Da kaka gandu ya ba mu abin da bai kai rabin na bara ba. Gayaunar ta ba da dami goma sha ɗaya. Baba ya sa aka zuba su a ƙaramin rumbu daban, ya liƙe bakin da hannunsa. Hatsin mutum ne, ba a taɓawa sai da izininsa.

Tun kafin bazara babban rumbu ya fara nuna gindi. Inna ta rage awo, ta sake ragewa. Yara suka fara kwana da kunu. Kowa a gidan yana wucewa ta gaban ƙaramin rumbun, babu mai kallonsa, har matar yayana. Ni kaina da na fi kowa baki ban iya cewa a buɗe ba, don na san abin da buɗewar ke nufi: cire rai da mai shi. Duk ranar kasuwa sai na je Gumel tambayar wasiƙa, in dawo hannu biyu.

Wata safiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƙaramar 'yar yayana tana kukan yunwa a tsakar gida. Baba yana zaune a kan buzu da carbinsa. Ya saurare ta har ta gaji. Sannan ya kira ni, muryarsa kamar zai aike ni sayen goro.

Ya ce, "Ɗauko tsani."

Babu wasiƙar da ta zo, babu manzo. Amma kafin in jingina tsanin a jikin ƙaramin rumbun, Inna ta ajiye taɓarya ta fara salati, matar yayana kuma ta cire 'yan kunnenta ta shiga ɗaki.