Da'irar Baba ta Ƙarshe a Kalgo

Har yau idan na ji ƙanshin ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, sai in tsaya. Mahaifina maginin rumbu ne a Malisa, kusa da Gwandu. Bana Allah Ya karɓi abinsa.

Kafin ya aza ƙasa, sai ya fitar da gindin rumbun. Yakan kafa turke, ya ɗaura igiya, ya sa tsinke a ɗaya bakin, ya kewaya yana zane. In zanen bai koma ya haɗu da mafarinsa ba, rumbun zai karkace, damina ta tsaga shi.

Wata kaka, ina aji huɗu, wani dattijo ya kira shi Kalgo. Lokacin idanun Baba sun fara hazo, magana kuma ta bazu. Ya san in aikin nan ya ɓaci, ba mai sake kiransa. Ni ya ɗauka muka tafi.

Mun tarar da gero a tsibe a tsakar gida, ga mutane sun taru. Wani abokin wasan Baba ya ce, "Maigida, makaho ka kirawo? Wanga rumbu sai dai kaji su gode maka!"

Baba ya yi dariya ya ce, "Kai da idanunka biyu, mi ka taɓa ginawa?"

Ya damƙa hannuna a kan turken, ya ce in danne, ko kunama ta harbe ni kar in motsa. Ya sunkuya ya fara ja da baya. Ina jin igiyar tana cin tafina, ina jin numfashinsa yana wucewa ta bayana. Da ya zagayo, tsinken ya faɗa cikin mafarin zanen kamar a can aka haife shi.

Na ce, "Baba, a makaranta da'ira ake ce mata."

Limamin unguwar yana zaune a inuwa. Ya ce kalmar Larabci ce, malamai suka kawo ta, asalinta abin da ke juyawa ya dawo inda ya tashi. Baba ya karkaɗe gwiwoyinsa ya ce, "Allah gafarta malam, mu kewaye muka gada. Ashe su ma Larabawan zagayawa suke yi." A hanyar gida sai da ya sa na maimaita masa kalmar har ta zauna masa.

Bai sake fitar da gindi da hannunsa ba, amma da kansa ya bar aikin, ba a kore shi ba.

Yanzu a buhu ake zuba gero, a jibge a ɗakin siminti. Babban ɗan dattijon nan na Kalgo ya zo mini gaisuwar rasuwar Baba, ya ce yana son rushe rumbun nan nasu ya yi shago, amma ya ga ya kamata in sani. Na yi masa godiya. Na roƙe shi ya bari a zuba wa rumbun geron bana tukuna.